Yadda Ake Shirya Kundin Cello Mai Haɗa Kiɗan Barok da na Zamani a Katsina

Duk wanda zai haɗa konceto (kiɗan da makaɗi ɗaya ke jagoranta, ƙungiya na amsa masa) na zamanin Barok da kiɗan zamani a kundi ɗaya, aikinsa shi ne ya sa mai sauraro ya ji murya ɗaya ce ke magana daga farko har ƙarshe, ko da akwai shekara 250 tsakanin wannan kiɗa da mai bi masa. Hakan na samuwa ne idan cello ɗin, wato babban gogen Turawa mai tsirkiya huɗu, ɗaya ne, ɗaurin tsirkiyarsa ɗaya ne, ɗakin da aka naɗa ɗaya ne, kuma ba a yi ta gusar da makirfo ba. A Katsina da Daura akwai ƙarin sharaɗi, wato iska. Kayan kiɗan nan na katako ne da gam, an ƙera su don ƙasa mai laima, don haka watan da aka zaɓa yana iya gyara aikin ko ya ɓata shi tun kafin a goga baka a kan tsirkiya.

Zaɓen abin da za a kaɗa

Zamanin Barok a kiɗan Turai ya kama daga wajen 1600 zuwa 1750. Wanda ya fi kowa barin konceto na cello a wannan zamani shi ne Antonio Vivaldi na birnin Benis a Italiya, wanda ya rayu daga 1678 zuwa 1741. Akwai konceto kusan 27 nasa na cello ɗaya, da guda ɗaya na cello biyu mai lamba RV 531. Kusan kowanne kashi uku ne: na sauri, na sannu, sai kuma na sauri, duka cikin kamar minti 10. Tsarin ba baƙo ba ne ga kunnen da ya saba da mawaƙi da 'yan amshinsa: ƙungiya ta kawo jigo, mai cello ya fita shi kaɗai ya yi ɗansa, ƙungiya ta dawo da jigon, wani lokaci gaba ɗaya, wani lokaci guntunsa, a wani matakin murya dabam. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe makullin Vivaldi.

Bayan shi akwai Leonardo Leo na Napoli, da konceto 6 da ya rubuta a 1737 da 1738, masu daɗin waƙa da taushi fiye da na Vivaldi. Johann Sebastian Bach bai rubuta konceto na cello ba. Abin da ya bari shi ne jerin kiɗa 6 na cello shi kaɗai, daga wajen 1720, kuma kashi ɗaya daga cikinsu yana yin gada mai kyau a tsakiyar kundi. Haydn da Boccherini na zamanin da ya biyo baya ne. A bar su don wani kundin, domin sanya su a nan yana dagula labarin da ake son bayarwa.

A ɓangaren zamani, shawararmu ita ce a fi karkata ga kiɗan cello shi kaɗai. Dalili na farko na kuɗi ne da ɗawainiya, tun da ba a buƙatar fiyano ko babbar ƙungiya. Na biyu kuwa ya fi muhimmanci: bayan minti 10 na ƙungiya, idan ɗaki ya koma murya ɗaya, kunne yakan huta ya kuma ƙara kusantowa. Sonatar György Ligeti, wadda ya fara a 1948 ya kammala a 1953, kashi biyu ce cikin kamar minti 8, kuma kashinta na biyu yana da gudu irin wanda zai zauna lafiya kusa da Vivaldi. Pēteris Vasks na Latbiya yana da wani kiɗa na 1978 inda mai cello ke rera murya da bakinsa yana kuma gogawa. Kaija Saariaho ta Finlan ta rubuta Sept Papillons a 2000, gajerun kashi 7 masu sanyin sauti ƙwarai, amma kada a ɗauke shi sai an tabbatar da ɗaki mai shiru na gaske, don ƙarar babur daga nesa ma za ta rufe shi. A lura da waɗanda ke buƙatar a sauya ɗaurin tsirkiya, kamar sonatar Zoltán Kodály ta 1915 da ake sassauta tsirkiya biyu na ƙasa da rabin mataki. Duk sanda aka sassauta aka sake ɗaurewa, cello yakan ɗauki lokaci kafin ya natsu, saboda haka irin wannan kiɗa a ba shi ranarsa shi kaɗai, a ƙarshen aiki.

Tsawon kundi ya tsaya tsakanin minti 55 da 65: konceto 3, kiɗan zamani 3, ana saɓa su. Wurin da ake yawan kuskure shi ne mahaɗa. A zauna da takardun, a dubi sautin ƙarshe na kowane kiɗa da sautin farko na mai bi masa. Idan ɗaya ne, ko suna da nisan mataki biyar kamar sautukan da ake kira C da G, shiga za ta yi santsi. Idan nisan rabin mataki ne, za a ji kamar an yi tuntuɓe, sai dai in da gangan ake son girgiza mai sauraro, wanda sau ɗaya a kundi ya isa. A haɗa jerin na gwaji daga naɗe-naɗen da ke akwai, a saurare shi a zama ɗaya ba tare da tsayawa ba. Inda hankali ya tafi wani wuri, nan ne jerin ya yi rauni.

Abin da zai sa kundin ya zama na nan, ba kwafin na Turai ba, shi ne sabon kiɗa na minti 5 zuwa 7 da aka tsara don cello da goge, ko cello da kalangu. Wannan yana son haƙuri. Mai goge ba ya bin matakan fiyano, kuma bai kamata a tilasta masa ba. Mai cello ne zai saurara ya bi shi, tun da wuyan cello ba shi da tsagar da ke kayyade yatsa. Da kalangu kuwa, a tuna cewa yana faɗin magana ne da hawa da saukar harshe, don haka a nemi makaɗin ya faɗi abin da gangar ke cewa, a gina layin cello a kan wannan hawa da sauka. Idan aka ɗora kalangu a matsayin ado kawai a bayan kiɗan da aka riga aka gama, kowane Bakatsine zai gane daga bugun farko.

Ɗauri, tsirkiya da baka

Tsirkiyar cello huɗu ce, daga mai kauri zuwa siririya: C, G, D, A. Ƙungiyoyin zamani suna ɗaure A a kan 440 ko 442, wato yawan girgizar tsirkiya a daƙiƙa ɗaya. Masu kiɗan Barok da kayan gargajiya sukan sauko zuwa 415, wato rabin mataki ƙasa. Tilas a zaɓi ɗaya don kundin duka, kuma mu 440 muke zaɓa. Lambar 415 yarjejeniya ce ta masu farfaɗo da tsohon kiɗa a ƙarni na 20, kuma masu bincike na ganin ɗaurin Benis a zamanin Vivaldi yana kusa da na yau, saboda haka ba a ci amanar tarihi ba. Bugu da ƙari, cello da aka saba ɗaurewa a 440 idan aka sauke shi yakan yi kwanaki muryarsa na dishi-dishi.

Cello na Barok yana amfani da tsirkiyar hanjin dabba, ba shi da ƙafar ƙarfe da ake kafawa a ƙasa, ana riƙe shi ne tsakanin ƙwauri. Sautin hanji yana da ɗumi da ɗan kaushi mai daɗi, amma a hunturu yana bushewa, yana fitar da zare, yana tsinkewa, kuma ɗaurinsa na sauyawa da numfashin mutanen ɗaki ma. A nan ya fi kyau a sa tsirkiya mai cikin roba ko mai cikin hanji da aka naɗe da ƙarfe a G da C, a bar ƙarfe mai laushi a D da A. A sa su tun da wuri: ta ƙarfe tana natsuwa cikin kwana 2 ko 3, mai cikin hanji ko roba tana son mako 1 zuwa 2. A canza su ɗaya bayan ɗaya. Idan aka kwance huɗun a lokaci guda, ɗan sandan da ke tsaye a cikin cello tsakanin fuska da baya yana iya faɗuwa, domin nauyin tsirkiya ne kawai ke riƙe shi, kuma tayar da shi aikin gwani ne mai kayan aiki na musamman. A tanadi cikakken saiti na biyu, da ƙarin A guda ɗaya, don ita ce ta fi tsinkewa.

Inda za a sami bambancin zamani da zamani cikin sauƙi shi ne baka. Bakan zamani yana da nauyin kamar giram 80, sandarsa ta lanƙwasa zuwa wajen izga, yana riƙe dogon sauti da ƙarfi iri ɗaya daga gindi zuwa tsini. Bakan Barok ya fi gajarta da sauƙi, sandarsa a miƙe ko ta ɗan lanƙwasa waje, sautin yana farawa da ƙarfi ya lafa da kansa, gajerun bugu kuma suna fita tsaf. A yi Vivaldi da na Barok, a yi Ligeti da na zamani. Idan babu na Barok, a riƙe na zamani a ɗan gaba da inda aka saba, kamar faɗin yatsa 3, nauyin zai ragu. A rage karkarwar yatsan hagu a kiɗan Barok, a ajiye ta don dogayen sauti. A kashi na sannu kuwa, Vivaldi yakan rubuta ƙashin waƙar kawai ya bar wa makaɗi ado, musamman idan an maimaita sashe. A shirya adon nan tun a gwaji, a rubuta shi da fensir, domin idan kowane ɗauka yana da nasa ado, haɗa su daga baya zai gagara.

Ƙaron da ake shafa wa izga yana da iri biyu. Mai haske ya fi tauri, ya dace da zafi da damina. Mai duhu ya fi laushi da kamu, ya dace da sanyin hunturu, amma a watan Afrilu yana narkewa ya yi danƙo. Shafa 3 ko 4 ta isa. Idan ya yi yawa, makirfo zai ɗauki wani ƙaiƙayi a saman kowane sauti.

Yawancin cello suna da wani sauti guda, tsakanin E da F da aka ɗaga da rabin mataki, galibi a kan tsirkiyar G, da ke rawa yana kakkatsewa, saboda a nan jikin katakon yake amsawa da ƙarfi har ya rinjayi tsirkiya. Maganinsa ɗan ƙarfen tagulla ne mai nauyin 'yan giram da ake maƙalawa a guntun tsirkiya da ke bayan jaki, wato ɗan katakon da ke ɗauke da tsirkiyoyi a kan fuskar cello, a yi ta gusar da shi kaɗan-kaɗan har rawar ta lafa. Wurin sautin yana motsawa da yanayi, don haka a sake dubawa a ɗakin naɗi, ba a gida kawai ba.

Hunturu da abin da yake yi wa katako

Fuskar cello da bayansa katako ne siriri, kaurin 'yan milimita, an manne su da gam na fata. Suna son laimar iska tsakanin kashi 40 da 60 cikin 100. Daga Nuwamba zuwa Maris laimar Katsina tana sauka ƙasa da 20, a Agusta kuma ta haura sosai. Katako yana tsukewa ne ta faɗi, ba ta tsawo ba, kuma daga nan duk matsalolin ke fitowa. Fuska ta tsuke, tudunta ya sauka, jaki ya sauka da ita, tsirkiya ta kusanci allon wuya ta fara zuza. Sandan ciki kuwa ba ya gajarta, sai ya matse, murya ta yi tsauri, in aka yi rashin sa'a fuska ta tsage a daidai kansa. Kunnuwan ɗauri su ma suna tsukewa su zame, a buɗe akwati a tarar da tsirkiya a kwance. Izgar baka tana gajarta har ta ja sanda, don haka a sassauta ta sosai bayan kowane aiki.

A sayi ɗan ma'aunin laima na dijital guda 2, ɗaya a akwati, ɗaya a ɗaki. A cikin akwati a sa soso mai ɗanshi a cikin kwalin sabulu da aka huda, a matse shi har ya daina ɗiga, a duba shi safe da yamma. Ruwa kada ya taɓa katako. A ɗaki, na'urar fesa tururi ita ce ta fi, in babu ita a shanya jiƙaƙƙun zannuwa a ajiye randa a buɗe, a rufe ƙofa da taga. Na'urar sanyaya ɗaki tana ƙara busar da iska, a kula da wannan. A auna tsayin tsirkiya daga ƙarshen allon wuya: wajen milimita 5 da rabi a A, wajen 8 a C. Idan ya faɗi ƙasa da haka da yawa, ana buƙatar jaki na biyu mai tsayi, kuma masu cello a ƙasashe masu sauyin yanayi da dama suna ajiye jaki biyu saboda wannan.

Idan aka ƙwanƙwasa gefen cello da gaɓar yatsa aka ji wani wuri yana ƙara kamar fanko, haɗin ya buɗe. Wannan ba masifa ba ce. An yi gam ɗin fata ne don ya saki kafin katako ya tsage. Masifar ita ce a cusa gam ɗin kafinta ko mai kamawa nan take, domin a hunturu mai zuwa haɗin zai ƙi saki, fuskar ce za ta biya. A kai wa mai gyara, ko a sassauta tsirkiya kaɗan a jira shi.

Masu bayolin da sauransu da wuya a same su duka a gari ɗaya, mai yiwuwa a gayyato wasu daga Abuja ko Legas, inda makarantar kiɗa ta MUSON take. Kayan da suka taso daga laimar Legas kada a buɗe su da isowa. A bar su a akwati a rufe cikin ɗakin da aka jiƙa har kwana ɗaya, sannan a buɗe kaɗan-kaɗan. A mota kuwa cello yana zama a kujera ne, ba a but ba, kuma ba a barinsa a motar da aka ajiye a rana ko na minti 10, don zafin yana tausasa gam da fenti. Duk wannan ya sa muke ganin kaka, daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, ita ce lokacin naɗi: ruwa ya ɗauke, rufin kwano ya yi shiru, busasshiyar iska kuma ba ta kankama ba.

Ƙungiya da ɗaki

Ba a buƙatar mutum 20. Konceto na Vivaldi yana fita da kyau da mutum ɗaya a kowane layi: bayolin 2, biyola 1, cello na biyu mai riƙe gindi, babban bes, da mai cike sauti. A asali hafsikod ne, wani tsohon kayan kiɗa mai kama da fiyano, ko doguwar lut mai kama da garaya, ke cikewa. Idan ba a samu ba, jita mai tsirkiyar nailan ta fi fiyanon lantarki dacewa, domin sautinta na gaske ne kuma yana gauraya da iskar ɗaki. In dole sai na lantarki, a fitar da shi ta ƙaramar sifika a cikin ɗakin a ɗauke shi tare da kowa, kada a jona shi kai tsaye cikin kwamfuta, in ba haka ba zai zauna dabam kamar an liƙa shi.

Ƙaramin ɗakin situdiyo da aka lulluɓe da katifa an yi shi ne don muryar mawaƙi, yana kashe cello. Ana son ɗaki kamar mita 8 da 12, rufi ya kai mita 4 ko fiye. A tsaya a tsakiya a tafa hannu sau ɗaya. Idan amsar ta lafa a hankali cikin daƙiƙa 1 da rabi ko kusa, ɗakin ya yi. Idan aka ji wata karkarwa mai sauri, bango biyu ne masu santsi ke jefa wa juna sauti, sai a rataya darduma a ɗayansu ko a jingina kujeru da tabarmi a karkace. Babban soro na ƙasa mai ɗaurin guga yana da fa'ida biyu: kaurin bango yana tare hayaniyar waje, kuma rashin miƙewarsa yana warwatsa sauti. Sai dai kada a zaunar da mai cello ko makirfo a ƙarƙashin tsakiyar tulluwa, nan sauti ke taruwa ya yi kumburi. A ƙasa, siminti ko tayil yana da tsauri, don haka a shimfiɗa faifan katako mai kauri a ƙarƙashin cello, wanda kuma zai ba ƙafarsa wurin kamawa.

A tsara lokaci bisa salla. Mafi tsawon shiru yana tsakanin bayan Isha da kafin kiran farko na Asuba, wato kamar ƙarfe 10 na dare zuwa 4. A je ɗakin a wannan lokaci tun kafin ranar aiki, a zauna minti 15 da makirfo da abin kunne. Za a ji abin da rana ke ɓoyewa: janareton maƙwabta, gyare, jemage a rufi, kwano yana ƙas-ƙas yayin da yake hucewa. A kashe fanka da firij da na'urar sanyi lokacin ɗauka, a kunna su a hutu.

Wutar lantarki tana da nata tarko. Wutarmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma ƙugin da take shigarwa waya yana fitowa a 50 da 100 da 150. Tsirkiyar G tana kan 98, D tana kan 147 da ɗan kaɗan ƙasa. Saboda kusancin nan, ƙugin yana karo da su ya haifar da wata rawa, kuma duk matatar da za ta cire shi daga baya za ta yanki naman cello. Magani a hana shi shiga: a yi naɗin gaba ɗaya da batir, a zare cajar kwamfuta, a yi amfani da waya mai baki uku, kada wayar makirfo ta kwanta a jere da ta wuta.

Makirfo da ɗauka

Makirfo 3 na kondansa sun isa. Biyu su ne ginshiƙi, a gaban ƙungiya da nisan mita 2 zuwa 3, tsayin kamar mita 2 da rabi, kawunansu a rabe da santimita 17, a buɗe da digiri 110. Na ukun na mai cello ne, da nisan santimita 70 zuwa mita 1, yana kallon wajen jaki, a ɗan karkace daga ramukan fuska. Idan ya kalli ramin kai tsaye, gindi zai kumbura. Idan ya matso ƙasa da rabin mita, za a ji numfashi da ƙarar yatsu fiye da kiɗa. A zaunar da ƙungiya rabin da'ira, mai cello a tsakiya ɗan gaba, bes a bayansa. Da an sami wurin da ya yi, a manna tef a ƙasa a kan ƙafar kowace kujera da kowane sandan makirfo, a ɗauki hoto, a auna tsayi a rubuta. Ranar da mai cello zai yi kiɗan zamani shi kaɗai, ya zauna a kan alamar nan tasa, makirfo ukun duka a kunne. Wannan ne ke sa a ji kamar sauran sun yi shiru ne kawai, ba an koma wani gida ba.

A naɗa a bit 24 da kilohaz 48 ko 96. A sa ƙungiya ta kaɗa wuri mafi ƙarfi, a saita shi ya tsaya wajen desibel 10 ƙasa da sifili a ma'aunin ƙarar na'ura, daga nan kada a sake taɓa maɓallin har a gama kundi. Al'adar situdiyo ta ɗora kaya ɗaya bayan ɗaya a kan bugun kwamfuta ba ta aiki a nan, don kiɗan yana numfashi ne da kallon juna. Kowa ya kaɗa tare. A fara da ɗaukar kashi cikakke sau 2, a saurara da takarda a hannu, sannan a gyara wuraren da suka lalace, ana farowa daga layi 2 kafin wurin, a wuce shi da layi 2, don a sami inda za a yi haɗi. A sake ɗauri kafin kowane ɗauka. A ƙiyasta minti 12 zuwa 15 na gamammen kiɗa a zaman awa 3, wato dare 3 na konceto, dare 2 na sauran. A ƙarshen kowane dare kowa ya zauna shiru minti 1 a naɗi iskar ɗakin, ita za a shimfiɗa tsakanin kiɗa da kiɗa maimakon shirun kwamfuta da ke jin kamar an yanke waya.

Wajen tacewa a sassauta hannu. Kada a sa na'urar gyaran murya ko kaɗan. Tsirkiyar C tana kan 65, don haka yankan ƙasa kada ya haura 40. Idan sauti ya yi laka, a rage desibel 2 a wajen 250. Matse sauti don ya yi ƙara yana kashe bambancin sannu da ƙarfi, wanda shi ne rabin ma'anar kiɗan, kuma manhajoji irin su Spotify suna daidaita ƙarar kowa da kansu. A bar daƙiƙa 2 zuwa 3 tsakanin kashi da kashi, 6 zuwa 8 tsakanin kiɗa da kiɗa. A gwada sakamakon a sifikar wayar hannu, tun da ta nan yawancin mutane za su ji shi. Wayar ba ta fitar da gindin cello, abin da ke isa kunne shi ne sautukan saman da ke rakiyarsa, don haka idan layin cello ya ɓace a waya, a ɗaga makirfo na uku da desibel 1 ko 2 maimakon ƙara gindi.

Haƙƙi da fitarwa

A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, kiɗa yana cikin kariya har shekara 70 bayan rasuwar wanda ya tsara shi. Vivaldi da Leo da Bach sun fita, kuma ana samun tsofaffin takardunsu kyauta a shafin intanet na IMSLP, amma sabon bugu da wani masani ya gyara yana iya zama da nasa haƙƙi. Ligeti ya rasu a 2006, Saariaho a 2023, don haka nasu da na duk mai rai sai da izini. A sayi takardar ta halal, a rubuta wa mawallafi tun watanni kafin naɗi, a faɗi yawan kwafi da inda za a saka. Da makaɗan ma a yi yarjejeniya a rubuce. Mai goge ko mai kalangu da ya kawo jigo, sunansa ya fito a matsayin wanda ya tsara, da kasonsa, ba a matsayin ɗan rakiya ba.

A rubuta bayanin kundi da Hausa, gajere: wane ne ya tsara, a wace shekara, me za a saurara. A gaban Allegro a sa "da sauri", a gaban Largo a sa "a sannu". Kowane kashi ya zama fayil mai lambarsa, daga 01 zuwa ƙarshe, da sunan mai tsarawa a ciki. Amma da yake masu tura waƙa a waya sukan watsa fayiloli su hautsina jeri, a fitar da ƙarin fayil guda ɗaya mai ɗauke da kundin duka a jere, a MP3 na 320, a ajiye asalin WAV a wuri biyu dabam-dabam.